Kaza da 'Ya'yanta a Samarƙand

Daren da na sauka a Samarƙand, na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas kamar yadda na saba a gidanmu na Ƙofar Mazugal. Dattijon da ya ba ni ɗaki ya dafa kafaɗata, ya juya ni kudu maso yamma. Can alƙiblarsu take. Ranar na tabbatar na bar Kano.

Karatun ilimin taurari ya kawo ni Uzbekistan, amma an haɗa mana shi da tarihi da harshen Farisanci. Da farko na ga kamar ɓata lokaci ne. Sai da aka kai mu wurin duban taurari na Ulug Beg, sarkin Samarƙand a zamanin da, jikan Sarki Timur, na sauya ra'ayi. Abin da ya rage wani ƙaton baka ne na dutse a cikin rami, wanda aka tono a 1908 bayan ya daɗe a binne. Da irin wannan kayan aiki, ba madubin hangen nesa, Ulug Beg da masanansa suka rubuta matsayin taurari 1018 a littafin da suka kammala a 1437, kuma da Farisanci suka rubuta shi.

Sanyi ya ba ni wuya ƙwarai, hunturun Kano wasa ne. Shinkafarsu mai karas da naman rago kuwa ba ta yi mini baƙunta ba, koren shayi ne na daɗe ban saba da shi ba.

Wani dare malamarmu ta ce kowa ya faɗi sunayen taurari da harshen gidansu. Su Uzbek suna kiran tauraron arewa turken ƙarfe. A Kano yana can ƙasa-ƙasa, digiri 12 kacal, a nan kuwa ya kusa 40. Da aka zo kaina na ce Zara matar wata, na ce Gamzaki, sannan na nuna musu Kaza da 'ya'yanta, wadda suke kira Hulkar. Malamar ta rubuta duka, ta tambayi wanda ya koya mini. Kakata ce, a kan tabarma a tsakar gida, daren da babu wuta.

Washegari na kira ta.

"Hajiya, jiya an rubuta karatunki a jami'a."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, ashe can ma Kazar tana fitowa? To ka ƙirga mini 'ya'yan, idona ya daina ganinsu."