Sifanar 1/4 W da ta ba ni wahala

Jama'a barkanmu da war haka. Buhun ƙarafan nan da na ce muku na saya hannun ƴan gwangwan a Ƙofar Ruwa, yau sati biyu kenan ina fama da shi, na jiƙa su a kananzir kwana uku sannan na bi su da buroshin waya, hannuna duk ya yi baƙi ƙirin amma dai rubutu ya fara fitowa.

Wadda ta fi ɗaure min kai wata sifana ce mai baki biyu, an buga King Dick a jikinta, gefe ɗaya 1/4 W ɗayan 5/16 W. Ni da na ga 1/4 sai na ce to rubu'in inci ne, wajen milimita 6 kenan, amma bakin ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Na gwada ta a noti mai lamba 13 tana lilo, a 14 ta ƙi shiga, har na fara cewa jabu ce.

Ashe W ɗin nan Whitworth ne, ma'aunin da Joseph Whitworth ya fito da shi a Ingila a 1841, kuma lambar ba faɗin bakin sifanar take nufi ba, kaurin sandar da notin yake hawa take nufi. Shi ya sa bakin 1/4 W ya kai milimita 13.3 haka. Har yankan tiredin ma daban yake, nasu digiri 55, na milimita da muka saba da shi 60. Wani dattijon bakanike a layinmu yana ganinta ya yi dariya ya ce yaro wannan ai ta tsofaffin injinan niƙa ce irin su Lister, da Land Rover ta da. Ya ce yaran yanzu sai su sa 14 su murɗe kan notin ya zama kamar kwabo sannan su ce ƙarfen ne ya ruɓe. Na ce Baba ai ni ma saura kaɗan.

Ta biyun kuma kamar filaya take amma ba ta kama komai, akwai ɗan faifai mai lambobi a bakinta, an rubuta Eclipse 77. Wannan kafinta ne ya warware min, ta karkata haƙoran zarto ce, ɗaya dama ɗaya hagu, don kada zarton ya maƙale a cikin katako. Na gwada a wani tsohon zarto na karya haƙori biyu, na matsa da yawa ne.

Saura wani ƙarfe mai kamar ƙugiya da ɗan sifirin a gindi, babu rubutu ko ɗaya a jikinsa, tsatsa ta cinye. Gobe in Allah ya kai mu zan kai shi wurin masu gyaran keken ɗinki, don zuciyata can take nuna min.