Wace Hausa? Abin da na kwaso daga taron Akra

Tun da na dawo daga Gana duk wanda na haɗu da shi a sashenmu tambayarsa ɗaya ce, ya taro? Ni kuma sai in ce Alhamdulillah in wuce, don in na fara ba na iya tsayawa, ga shi kowa na sauri. To yau dai na zauna, ga wuta an kawo, bari in juye shi gaba ɗaya.

Taron da na je sunansa Deep Learning Indaba, shi ne taron shekara-shekara na masu bincike kan ƙirƙirarriyar basira a Afirka. An fara shi a 2017 a Johannesburg, kalmar indaba ɗin ma ta Zulu ce, kamar a ce zaman shawara. Na 2023, wanda na je, an yi shi ne a Jami'ar Gana da ke Legon a Akra, daga 3 zuwa 9 ga Satumba. Ba kuɗi kawai kake biya ka shiga ba, nema ake yi, ka cike fom ka rubuta abin da kake yi da dalilin da ya sa kake son zuwa sai su zaɓa, kuma suna tallafa wa ɗalibai da yawa da kuɗin tafiya da masauki. Ni wallahi na cike ne kawai don wani abokina ya dame ni, har na manta, ina cikin adaidaita sahu a hanyar Kabuga saƙon ya shigo, na karanta sau uku kafin na yarda ba 'yan damfara ba ne.

Ni ɗalibin digiri na biyu ne a kimiyyar kwamfuta, kuma aikina a kan baƙaƙen nan ne masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Kun san yadda muke rubutu a waya, ba wanda ke wahalar da kansa ya sa su (ni ma yau ne na dage, don kada a yi min dariya). Mutum zai rubuta "ya tafi fada", kai mai karatu ka san daga zancen ko gidan sarki ya nufa ko rigima ya je yi, amma kwamfuta ba ta sani ba. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata. Abin da nake ƙoƙarin yi shi ne in koya wa na'ura ta karɓi rubutu marar lanƙwasa ta mayar masa da su daidai, ta hanyar duba kalmomin da ke kewaye. Na tattaro rubutun da na koyar da ita daga shafukan labarai, saboda nan ne ake samun Hausar da aka tace. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Shiri ya ci ni. Biza dai babu ruwana da ita tunda fasfo ɗin ECOWAS ne, amma sai da na je aka yi min allurar shawara aka ba ni katin nan mai ruwan ɗorawa, ba shi ba shiga. Ga shi lokacin an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, an saki naira a Yuni, duk abin da ka tambaya yau gobe ya canza farashi, ɗan guzurin da na ware na canza zuwa sidi, kuɗin Gana, sai da ya ba ni tausayi. Hajiyarmu ta ƙulla min dambun nama da ƙuli-ƙuli, ta ce "ka dai riƙe sallah, kuma kada ka ci abin da ba ka sani ba." Malamin da ke duba aikina shi kuma cewa ya yi in tabbata na sa sunan sashe a saman fosta, wato babbar takardar da zan manna a allo in nuna aikina, da manyan baƙaƙe, wannan kam ya maimaita ya fi sau biyar.

Fostar nan ita ce ta kusa sa ni kuka. Na kai ta wani shagon buga takardu ana gobe tafiya, aka buga aka naɗe min a kwali, ban buɗe ba saboda tsoron kada ta yamutse, na rungume ta daga Kano zuwa Legas, daga Legas zuwa Akra kamar jaririya. Sai da na isa masauki na warware ta a kan gado na ga abin da ya faru: kwamfutar mai shagon ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi, ta canza shi da wani, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai ɗan akwati fanko. Fostar da take magana a kan baƙaƙe masu lanƙwasa, babu lanƙwasa ko ɗaya a cikinta. Na zauna na yi shiru na kusan minti goma. Wanda muke ɗaki ɗaya, wani ɗan Kenya mai aiki kan hotunan cututtukan shuka, ya leƙo ya tambaya, na yi masa bayani, ya yi dariya har da riƙe ciki sannan ya miƙo min baƙar maka ya ce in cike su da hannu. Haka na kwana ina zana ƙ a cikin akwatuna.

Wani abin kuma, agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, wayata ta gyara kanta amma agogon hannuna bai gyara ba, ranar farko na isa ɗakin taro ni kaɗai sai masu jera kujeru.

Kwana biyun farko gaskiya jikina ya yi sanyi. Ka zauna a lacca, mai magana ya cika allo da lissafi, kana ƙoƙarin gane layi na biyu shi ya kai na goma, ka waiga ka ga na kusa da kai yana gyaɗa kai sai ka ce shi kenan ni kaɗai ne daƙiƙi a nan. Daga baya wurin cin abinci na gane rabin masu gyaɗa kan nan su ma a ɓace suke. Zaman gwaji da ake yi da rana ya fi min, inda kowa zai buɗe laftof a shiga Colab, shafin Google na gwada shirin kwamfuta, a rubuta abu a gani da ido, ga masu taimakawa suna zagayawa. Nan na haɗu da 'yan Masakhane, ƙungiyar nan ta masu aikin harsunan Afirka da na daɗe ina karanta takardunsu, sunayen da nake sa wa a ƙarshen babi sai ga su a layin shayi suna neman sukari kamar kowa. Wani da nake zaton babban farfesa ne mai furfura ashe ɗalibi ne, da kaɗan ya girme ni.

Ranar fosta na sa farar shadda da hula, na tsaya gefen allona ina maimaita jawabin minti biyu da na haddace. Abin mamaki baƙaƙen da na zana da hannu su suka riƙa jawo mutane, kowa ya zo sai ya tambayi dalili, in ba da labari a yi dariya, daga nan a shiga maganar aiki. Wata mai aiki kan Yarbanci ta daɗe a wurina, ta ce tasu matsalar ta fi tawa, su ban da ɗigon ƙasa har da alamar karin sauti a kan wasula, mu kuwa Hausar boko ba ma rubuta karin sauti ko tsawon wasali sam. Ta ba ni shawara mai kyau a kan yadda zan raba bayanan gwaji don kada jimla ɗaya ta fito a cikin na koyar da na'ura kuma ta fito a cikin na gwada ta in yaudari kaina.

Can sai ga wani dattijo-dattijo, ba tsoho ba, da rigar Gana mai ratsi, ya tsaya ya karanta fostar tun daga sama har ƙasa bai ce komai ba. Sai kawai na ji ya ce "sannu da aiki ɗan'uwa" da Hausa. Na ce yawwa Malam, sannu da zuwa, daɗi ya kama ni. Ya ce shi haifaffen Nima ne, wata unguwa a Akra, yana koyarwa. Ya nuna kan fostar inda na rubuta cewa na'urar tana gyara rubutun Hausa, ya ce "wace Hausa?"

Na ce Hausa dai Malam.

Ya ciro wayarsa ya buɗe wani zauren WhatsApp na unguwarsu ya ce in karanta. Na karanta, na gane kusan komai, amma ba irin tawa ba ce. Ba su damu da bambanta namiji da mace a nahawu ba, abin da ni zan ce "ta zo" sai ka ga "ya zo" kuma mace ake nufi, ga kalmomin Turanci da na Twi, wani yaren Gana, a tsakiya, ga rubutun ma wani iri, wasu wuraren yadda Bature zai rubuta sautin. Ya ce da yawansu a baki ma ba sa raba k da ƙ, to in na'urata ta bi rubutunsu ta cusa lanƙwasa, gyara ta yi ko ta mayar da su Kanawa? Muka liƙa jimla uku daga wayarsa a laftof ɗina a gabansa. Ta rikice, wasu kalmomin ta bar su, wasu ta lanƙwasa inda bai kamata ba. Ban ji haushi ba, kunya na ji, saboda shekara ɗaya da rabi ina wannan aiki, na gabatar da shi a sashe sau biyu, ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar kuma ni ma ban taɓa yi wa kaina ba, don dukkanmu da ke ɗakin Hausa ɗaya muke ji. Rubutun labarai da na kwasa daidaitacciyar Hausa ce, wadda aka gina a kan karin Kano, ita na ɗauka na kira ta Hausa gaba ɗaya.

Kamar an haɗa baki, da yamma sai na faɗa hannun wani ɗalibi daga Nijar. Lokacin maganar juyin mulkin da aka yi a ƙasarsu ranar 26 ga Yuli tana da zafi, an rufe iyaka, mun ɗan taɓa wannan sama-sama muka bar ta don ba daɗi. Da na ba shi labarin mutumin Nima sai ya ce ai ko su ban yi da su ba. Su a rubutunsu ƴ suke sawa inda mu muke sa 'y, ya tambaye ni ya na yi da wannan, na ce ban yi komai ba, shirin da na rubuta na tsaftace bayanai ma goge alamar yake yi. Ya ce to lahiya da tahiya fa, da lakwal da lokotoro? Mu muna cewa makaranta da likita, su Faransanci ya shiga nasu kamar yadda Turanci ya shiga namu. Na ciro littafi na fara rubutawa, shafi huɗu na cika a kan teburin cin abinci, shinkafata ta huce.

Ranar Juma'a mutumin Nima ya cika alkawarin da ya yi na kai ni unguwarsu, ya zo ya ɗauke ni, muka hau trotro, irin ƙananan bas ɗinsu na haya. Muka yi sallah a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, gini irin na Turkiyya da dogayen hasumiyoyi, ka rantse ba a Afirka ta Yamma kake ba. Daga nan muka kutsa cikin Nima a ƙafa. Jama'a, Hausa ko ta ina, mai shago, mai nama, yara masu wasan ƙwallo a lungu. Tsofaffi in sun ji daga Kano nake sai su riƙe hannuna, wani ya ce kakansa fatauci ya kawo shi, neman goro ta hanyar Gwanja da Salaga, bai koma ba. Su ba sa cewa Akra ma, Ankara suke cewa. Unguwannin da ake kira zongo a duk faɗin Gana zangon nan ne namu na fatake. Na karya dokar Hajiya na ci waakye, wanda ba komai ba ne illa shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi ta yi ja, sunan ma daga wake ya fito, ga koko da ƙosai da suke ce wa koose, ga tuo zaafi wato tuwon zafi. Na ce mata a waya duk abin da na ci na san sunansa tun a gida.

Abin da ya tsaya min a rai a Nima shi ne wani mai shayi da ya ce min Hausata "mai nauyi ce, irin ta rediyo". Yabo yake yi, amma ni na ji ta wani iri, don ashe a kunnensa ni ne mai baƙon harshe.

Ban ci kyautar fosta ba, kafin wani ya tambaya. Na dawo da lambobin waya kusan ashirin, da riga mai tambarin taro, da fostar da ta yamutse a jirgi har ba ta gyaruwa. Da na je wurin malamina na ce masa ina son in canza taken aikin in sa daidaitacciyar Hausa a maimakon Hausa kawai, kuma in ƙara wani sashe a babi na huɗu da zan gwada na'urar da rubutun Gana da na Nijar in nuna inda ta faɗi. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce "kai da za ka yi difens a wannan zangon, kake neman ƙarin aiki?" Na ce Malam ai gara in faɗa da kaina kafin mai jarrabawa na waje ya faɗa min. Ya yi shiru, sannan ya ce in kawo masa a rubuce ranar Litinin.

Yanzu matsalata samun rubutun. Ba zan kwashi hirar zauren mutane in zuba a bincike ba tare da izininsu ba, mutumin Nima ya ce zai tambayi 'yan zauren, waɗanda suka yarda za su rubuto jimloli da kansu. Ya zuwa daren jiya an turo min talatin da ɗaya, bakwai daga ciki gaisuwa ce kawai, ɗaya kuma wata baiwar Allah ce ke tambaya ko ina da mata.