Tantin da kafaɗuna suka zaɓa mini

Tantina na farko kilo 3 ne. A gida kamar ba komai, amma da na yini ina tafiya da shi a baya, kafaɗuna suka gaya mini gaskiya. Sai na koma mai rufi ɗaya don rage nauyi. Kash! Da asuba tururin numfashina ya taru a rufin, yana ɗigo mini a goshi.

Yanzu mai rufi biyu nake ɗauka, kilo 1.5, da sandunan alminiyam, don na faiba sukan tsage in iska ta matsa. Lambar jure ruwa, wato ma'aunin yadda rufin tanti ke hana ruwa shiga, kada ta gaza milimita 1,500. Tantunan da ba su kai kilo ɗaya ba kuwa, sun fi ƙarfin aljihuna.

Kafin in biya sai na shiga na miƙe ƙafa tukuna, don ni dogo ne.