Tiyo Ya Fashe A Hawan Kibo

Ɗaurin auren wani abokin karatuna ne ya tashe mu daga Abuja zuwa Jos a ƙarshen watan Maris, lokacin da rana ke dukan ƙeya tun da hantsi. Mutanen gida sun so in bi motar haya, na ƙi. Motata Mazda MX-5 ce ƙirar 2002, wadda Amurkawa ke kira Miata, mai kujera biyu da rufin tanti, ta shigo ta Kwatano. Tun 1989 ake ƙera irinta a Hiroshima, kuma don kwana da hawa aka yi ta. To in mutum yana da irin wannan mota ya bar ta a gida ranar da zai bi Hawan Kibo, yaushe zai ji daɗinta?

Ƙanina ne abokin tafiya. But ɗin motar ƙarami ne, na kuma cika rabinsa da sifanu da filaya da sukudireba da reza, da kilif-kilif na ɗaure tiyo, da guntun tiyo mai faɗin milimita 16, da galan ɗin kulan, wato ruwan sanyaya inji. Dole ya rungumi babbar rigarsa a cinya yana mita, wai biki za mu ko gareji.

Cunkoson Mararaba da Masaka ya ci mana lokaci kamar kullum. Daga Keffi hanya ta buɗe, muka wuce Garaku, muka sha mai a Akwanga, sannan muka karya arewa ta Andaha da Gwantu da Fadan Karshi. Daga nan sai lallaɓawa, don motar ƙasa-ƙasa take, ramin da mai Hilux ba zai ko ji shi ba mu sai mun kewaye shi. A mararrabar Forest muka sayi ayaba da buhun ruwan leda. Buhun nan leda ashirin ne, kowace rabin lita, lita goma ke nan, kuma ƙanina ne ya ɗora shi a ƙafafunsa don babu inda za a sa.

Ina da ɗabi'a ɗaya a doguwar tafiya. Akwai 'yar na'ura da nake maƙalawa a soket ɗin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 take da shi, ita kuma ta riƙa turo zafin ruwan inji zuwa wayata. Dalili shi ne allurar zafi ta gaban direba ba ta faɗin gaskiya da wuri. Da gangan aka yi ta ta tsaya a tsakiya ko da zafin yana ɗan hawa yana sauka, don kada direba ya riƙa firgita. In ka ga ta motsa zuwa ja, ai aikin gama ya kusa gamawa.

Mun wuce wajen faɗuwar ruwan Assop, mun kama hawan, ina giya uku, injin na kuka mai daɗi, sai lambar zafin da ke kan wayata ta bar digiri casa'in da 'yan kai ta haye 103. Kafin in yi magana ta kai 108. Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ya shigo mana, wanda duk mai ta'ammali da kulan ya san shi. Na kashe AC, na murɗa hita zuwa ƙarshe don ta janye zafi, amma iskar da ta fito ba ta da ɗumi. Wannan ya gaya min ruwa ya ragu har ba ya kaiwa can. Na sami ɗan fili a bayan wata tirela da aka yi wa waigi da dutse, na tsaya, na kashe inji. Allura a lokacin ko tsakiya ba ta gama bari ba.

Ina ɗaga bonet tururi ya taso daga bayan injin, ɓangaren direba. Ƙanina ya miƙa hannu wajen murfin lagireto, na buge hannun.

"Yaya, ba ruwa za mu ƙara ba?"

"Sai ya huce. Ka buɗe yanzu, asibiti za mu kwana."

Murfin nan an rubuta 1.1 a kansa, ma'ana yana riƙe matsi har 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira "bar". Matsin ne ke hana ruwan tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Da zarar an buɗe, matsin ya tafi, ruwan da ya haura ɗari sai ya zama tururi lokaci guda ya watso fuska. Ga shi muna kan tudu, inda ruwa ke tafasa tun bai kai ɗari ba. A Jos, da ke sama da teku da kimanin mita 1,200, wajen digiri 96 ya ishe shi.

Direban tirelar dattijo ne mai furfura a gemu, yana kwance kan tabarma a inuwar motarsa yana jiran yaronsa da ya tafi neman wani ƙarfe. Ya taso, muka gaisa, ya yi mana jaje, ya leƙa.

"Alhaji, wannan 'yar tsanar ce ka kawo Hawan Kibo? Tamostat ne. Cire shi ka jefar. Na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ya mana amfani."

Na ce, "Baba, a bari dai mu ga inda ruwan ya fita."

Ba raini ba ne. Mutum ne da ya yi shekaru yana hawa da sauka a nan, ya kuma taso don taimako. Amma wannan magana ta cire tamostat, wadda za ka ji ta a kusan kowane gareji daga Apo har Ƙofar Ruwa, ban yarda da ita ba. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto har inji ya yi ɗumi, sannan ta buɗe. In lafiyarsa lau, a kan hawa a buɗe yake, babu abin da yake tarewa. In an cire shi, inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta zuba mai fiye da kima, filogi su yi baƙi. Ainihin ciwon kuwa, toshewar lagireto ne ko fanka ko yoyo, yana nan inda yake. Wanda ya maƙale a rufe canza shi ake yi.

Da ƙarfe ya huce har ina iya dafa shi, na sa tsumma na murɗa murfin rabi, ya yi tsaki ya yi shiru, na cire. Babu ruwa a wuyan lagireto. Kansa, wanda roba ce, baƙi ne wul babu tsaga. Na duba ne don a tsofaffin motocin nan in robar ta koma ruwan ƙasa-ƙasa to ta gaji, ta kusa fashewa. Fambel yana nan da ƙarfinsa, ƙasan famfon ruwa a bushe. Na fasa leda biyu na zuba, sai muka ji ɗiga a baya. Ɗaya daga cikin tiyo biyu da ke shiga bangon da ya raba inji da mazauni, masu kai wa hita ruwa, ya tsage daf da kilif. Shekara ashirin da ɗoriya yana gasuwa kusa da bututun hayaƙi, ya kumbura ya yi laushi.

Baba ya ce abu mai sauƙi ne, a cusa tsohon filogi a kowane baki a ɗaure, tunda wa ke bukatar hita a ƙasar nan. A wata motar da sai in ce to. A wannan ba ya yiwuwa. Injin asalinsa na ƙananan motoci ne masu jan gaba, inda yake kwance a gicciye. Da aka miƙar da shi a MX-5 sai tamostat ya dawo gaba, ruwa yana shiga ta gaba yana fita ta gaba. Hanyar da ta rage wa ruwan da ke bayan kan injin, wajen silinda ta huɗu, ita ce ta hita, shi ya sa ruwa ke bi ta cikinta kullum ko an kunna ko ba a kunna ba. Ka toshe ta, silindar baya ta dahu. Na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai injinsa ba haka yake ba, amma ya aiko min da tocilan da kwalin shimfiɗa.

Na sassauta kilif, na tsaga tsohon tiyon da reza a tsaye maimakon in murɗe shi, don bututun hita ƙarfe ne mai laushi. Ashe wani ya riga ni, bakin bututun a lotse yake da shaidar haƙoran filaya, ko na sa sabon tiyo ba zai kama ba. Sai na bar hitar gaba ɗaya. Na cire tiyo na biyun, na ɗauki guntun nan nawa na haɗa bakin da ke fitowa daga bayan inji kai tsaye da bututun ƙarfen da ke bi ta ƙarƙashin bututun hayaƙi ya koma famfo. Tiyo miƙaƙƙe in an lanƙwasa shi da yawa karyewa yake ya toshe kansa, don haka na bar shi da tsawo ya yi baka mai faɗi, na ɗaure shi da waya nesa da ƙarfe mai zafi. Wurin matsattse ne, hannu ɗaya ke shiga, fatar 'yan yatsuna ta shaida.

Motar na cin kimanin lita shida. Na juye kulan ɗin da ke galan, na cike da ruwan leda. A nan hawan da ya ja mana wahala ya yi mana rana, don hancin motar na kallon sama, iska kuwa sama take nema. Na tada inji murfi a buɗe, ina matsa babban tiyon sama, kumfa na fitowa. Can tiyon ya ɗau zafi, ruwan ya faɗa ƙasa, alamar tamostat ɗin da aka so a jefar ya buɗe. Na ƙara ruwa har ya daina sauka. Abin da nake tsoro shi ne gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin gangar inji da kansa, don gangar injin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyom, wanda zafi ke saurin karkatarwa. Na duba murfin baƙin mai, babu farin kumfa. Salansa babu farin hayaƙi, kumfar lagireto ma ta tsaya. Na rufe, muka jira har fanka ta tashi a wajen 97 ta kuma mutu da kanta.

Baba ya ƙi karɓar komai sai ayaba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Amma in ka je Jos ka cire abin nan."

Sauran hawan a hankali muka yi shi, idon ƙanina a kan waya yana karanto min lamba. Muna fita saman tudu iska ta canza, muka sauke rufi. Duwatsun Riyom da suka hau kan juna suna hannunmu, 'yan mata na tallar dankalin Turawa da karas da kabeji a bakin titi. Ta Mararrabar Jama'a da Bukuru muka shiga gari ana kiran magariba.

Bayan ɗaurin aure na nufi Dilimi wajen masu kayan gyara. Tiyon wannan mota takamaimai babu, wani ma bai taɓa ganin irinta ba, sai da ya bar shagonsa ya zo ya leƙa. Muka zube tulin tiyon wasu motoci muna gwadawa da tsohon har muka sami mai lanƙwasa kusan iri ɗaya, na yanke masa wutsiya. Bakin bututun da ya lotse na mayar da shi zagaye a hankali da ƙaramin soket. Na zubar da haɗin hanya, na zuba kulan rabi, tataccen ruwan batir rabi. Wani ya ce ruwan rijiya ma ya isa, ai Jos ba ta daskarewa. Na nuna masa cikin tsohon tiyon, inda tsatsa da farin gishiri suka yi ɓawo, na ce maganin wannan nake saya. Mai shagon ya so ya haɗa min da sabon murfin lagireto mai lamba 0.9, na ce sai 1.1, ya tura yaronsa layi na gaba ya samo.