Dawakin da aka gaji da su nake saye

Hayar dawaki ce sana'ata. In ana biki, ko rakiyar ango, ko naɗin sarauta, ko hawan salla a ƙofar Sarkin Katsinan Maradi, wanda ba ya da doki kuma yana son a gan shi bisa sirdi, wurina yake zuwa. Bargata tana bayan gari, hanyar Tibiri. Turke tara gare ni, amma dawaki biyar kaɗai ke kawo kuɗi. Sauran huɗun majinyata ne.

Ban taɓa sayen lafiyayyen doki ba, don ba ni da kuɗinsa. Nakan sayi wanda mai shi ya gaji da shi: tsohon dokin sukuwa da ƙafa ta taɓu, ko wanda rani ya cinye har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Garin nan na Maradi da ƙarfin doki Katsinawa suka tsayar da shi bayan an kore su daga Katsina, amma yau babur ya ci kasuwa, kuma tsadar damin harawar gyada a watan Mayu ba ruwanta da asali.

Na farkon da na saya kili ne, bayansa duk gyambon sirdi, ƙuda sun yi masa rumfa. Tausayi ya kama ni, na cika masa komi da gero har da ƙari. Kwana na uku ya kwanta yana birgima, gumi kamar an watsa masa ruwa, kafin asuba ya tafi. Wani dattijo da ya yi ritaya daga ma'aikatar kiwo ya zo ya dube shi, ya girgiza kai.

"Alhaji, ba yunwa ta kashe shi ba, kai ne. Doki ba ya amai. Abin da ka zuba masa, sai dai ya bi ta baya ko ya tafi da shi."

Na ji zafin maganar, amma na ce, "Baba, to koya mini." Tun ran nan duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya iso da ƴar jakarsa, ko dala bai taɓa karɓa ba, sai shayi. Shi ya nuna mini dokin da ya rame ana soma masa da harawa ƴar kaɗan, sau biyar ko shida a yini, hatsi kuwa sai ya yi makonni yana jira.

Aikin kullum ba wani abin kallo ba ne. Da asuba kashi nake fara dubawa, tun kafin in dubi dokin. In ya bushe ƙwarai, ko babu shi sam, na san yau ba zaman lafiya. Sai ido da hanci, sai in ɗaga leɓe in ga dasashi. Wanda ya ƙi abinci a sa masa ma'aunin zafi: tsakanin digiri 37.5 da 38.5 lafiya ce, in ya haura 39 a kira dattijo. Ruwa kuwa, a bazara doki guda yakan shanye lita 40 ko fiye, kuma famfonmu ba kullum yake kawowa ba.

Abin da ya fi ba mu wahala a nan yashi ne. Ƙasar Maradi rairayi ce, dokin da ake zuba wa abinci a ƙasa yana haɗiye yashin kaɗan kaɗan har ya taru ya toshe masa hanji. Shi ya sa na yanka gangunan roba na yi musu mazubi. Mutane na dariya wai dawakina sun fi ni kwanon ci. Kofato ana gyara shi duk mako shida zuwa takwas. Haƙori ma ana goge kaifinsa, don tsohon doki da ke zubar da abinci daga baki sau da yawa ba ƙyama yake ba, kumatu haƙorin ke yanka masa. Da damina sai hayaƙi da yamma saboda ƙananan ƙwarin da ke kawo ciwon dawaki. Sabon shigowa kuwa yana yin mako uku shi kaɗai a turken can gefe. Wannan doka tun murar 2019 da ta yi ta kashe jakuna a ƙasar nan na kafa ta, ba na ɗaga wa kowa ƙafa.

Ɗan barga guda nake iya biya. Da ba don yaran unguwa ba da tuni na rufe. Su shida ne ko bakwai, suna zuwa in an tashi makaranta, su kwashe kashi, su ɗebo ruwa, su cire kaska. Ladansu hawa: wanda ya share barga mako guda shi zai kai doki Gulbi wanka ran Lahadi. Ba duka ke ɗorewa ba, wani hoton kawai ya zo yi, ya sa a Facebook, ka nemi ƙeyarsa ka rasa. Matan da ke surfe kusa da mu su ma suna aiko da dusa, su ce a ba marasa lafiya, ni kuma in sallame su da taki a kai gona. Ƙa'idata ga yara biyu ce: ba a tsayawa bayan doki, ba a ba shi komai ban sani ba.

Riba fa? Sallah biyu da lokacin biki bayan kaka su ke ciyar da shekara. Cikin waɗanda suka warke wasu na shiga haya, wasu in sayar. Akwai wata tsohuwar goɗiya da ba za ta ƙara ɗaukar sirdi ba har abada, uwargida kullum sai ta yi mini lissafin harawar da take ci. Wani ƙaramin yaro ne ya wanke gyambonta da ruwan gishiri wata biyu cur. Shekaranjiya dillali ya zo taya ta, yaron ya riƙe ragamar gam.

"Baba, in ka sayar da ita wa zai dinga wanke mata baya?"

Bayan nata ya warke tun bara. Na ce wa dillalin ya dawo bayan salla.