Ni da farar Hilux a hanyar Alkaleri

Motata ƙaramar Fijo ce, 206, 'yar Kwatano mai giyar hannu. Da kuɗin adashi da ɗan bashin wurin aiki na saye ta, kuma tun ranar da na fara riƙe sitiyarinta na san na dace. Mota ce marar gardama. Kafin ka gama karkata hannu ta riga ta karkata. A cikin garin Gombe babu abin da ya kai wannan daɗi. A cunkoson Babbar Kasuwa, ko Tashar Dukku da yamma, mai babbar mota na tsaye yana huci yana danna oda, ni kuwa sai in hango 'yar kafa tsakanin Keke Napep da mai baro in silale. Tsawonta bai kai mita 4 ba, duk gurbin da na samu ya ishe ta. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abokan da suke kiranta gwangwanin madara su ne suka dawo suna cewa in rage musu hanya.

To, wannan biyayyar tata ita ta sa mini girman kai, har na ɗauke shi na fita da shi babbar hanya.

Innata tana Bauchi, don haka da wuya in yi mako biyu ban bi hanyar ba. Tafiyar kilomita 150 ce da ɗoriya: ka haura Tumfure, ka wuce filin jirgin Lawanti, sai Bara, sai Alkaleri, ka tsallake gadar Dindima, ka shiga Bauchi. Titi ne guda ɗaya, mai zuwa da mai dawowa suna raba shi, ga tireloli maƙare da siminti, ga bas-bas na haya, ga shanu masu tsallakawa. Na san ramukan hanyar kamar yadda na san lungun gidanmu, kuma ina alfahari da yadda nake ratsa tsakaninsu ba tare da taya ta taɓa ko ɗaya ba.

Abu ɗaya ne ke ɓata mini rai a hanyar nan: a-kori-kurar zamani, wato Hilux da 'yan uwanta. Ba na cewa duk mai tuƙa ta mugu ne, akwai masu natsuwa da yawa. Amma duk wanda ke bin hanyoyinmu ya san irin wanda nake nufi. Fara ce, gilashi baƙi, wani lokaci an rufe lambar. Ba za ka ga zuwanta ba, sai dai ka ɗaga ido ka tarar madubinka ya cika da ƙarfen gabanta. Sai walƙiyar fitila, sai oda, kamar titin gadonsa ne kai kuma ɗan haya. Sau da yawa ma mai tuƙin ba shi ne mai motar ba. Ba shi ke sayen mai ba, ba shi ke biyan bakanike ba, shi ya sa ramin da kake lallaɓawa shi yake bi ta kansa a guje.

Da irin wannan ya biyo ni, sai in ji wani abu ya taso mini a ƙirji. Na kuma gano lagonsu. A miƙaƙƙen titi ba na iya ja da su, amma da an zo kwana sai in bar su a baya. Dalilin a fili yake: motar doguwa ce, nauyinta yana sama, kuma sifirin bayanta na ɗaukar kaya ne, in bayan babu komai sai ya riƙa tsalle. Har na taɓa ganin gwajin da wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin ta yi a 2016, inda aka sa Hilux ta kauce wa abu farat ɗaya tana gudun kilomita 60 kacal a awa, tayoyin gefe ɗaya suka ɗaga sama, saura ƙiris ta kife. Maimakon wannan ya tsorata ni da kusantar irin motar, sai ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Na ce ashe giwar ma tana da ciwon ƙafa.

Ranar da abin ya faru, lokacin hunturu ne, ƙarshen shekara, muna tafiya ɗaurin auren wata ƙanwata. Uwargida da 'yarmu suna baya, Baffana yana gaba. Baffa tsohon direba ne. Ya fara yaron mota tun kafin Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972, daga baya ya yi shekaru yana jan Fijo 504 ta haya tsakanin Bauchi da Jos. Ba mai yawan magana ba ne a mota, carbinsa kawai yake ja.

Mun ɗan wuce Bara sai ga farar Hilux a madubi. Fitila, oda, fitila. A lokacin akwai motoci masu tahowa, babu halin ya wuce, ni ma gefen titin bai yi mini kyau ba. Amma gaskiyar magana, ko da ya yi kyau ba ni da niyyar matsawa. Na sauke giya na ba ta wuta. Muka shiga kwana biyu a jere, na duba, ya koma ɗan ƙarami a madubi. Daɗi ya kama ni. Da titi ya miƙe sai ga shi ya dawo, wannan karon ya fi matsowa, har ba na ganin fitilunsa sai ƙarfe. Allurar gudu tana wajen 115.

Uwargida ta ce, "Malam, don Allah ka bar shi ya wuce."

Na ce, "Ya wuce mana, ni na riƙe shi?"

Baffa bai ce uffan ba.

Gaba kaɗan muka cim ma tirela tana hawa a hankali. Na rage gudu, na ɗan leƙa, na hango bas tana tahowa, na koma layina. Shi kuwa mutumin sai ya fito, wai zai haɗa ni da tirelar ya wuce mu gaba ɗaya. Yana daidai kafaɗata ya ga bas ɗin. Gaba babu hanya, baya ya yi nisa, sai kawai ya karyo kaina. Bai ma dube ni ba, ina jin daga inda yake zaune ko rufin motata ba ya gani sosai.

Na murɗa sitiyari dama. Ta bi, kamar kullum. Tayoyin dama biyu suka sauka daga kwalta, kuma a wurin ruwa ya zaizaye gefen, tsakanin kwalta da ƙasa akwai tazarar da ta kai tafin hannu. Motar ta karkata, tsakuwa na dukan ƙasanta kamar ana ɓarin gero a kwano. A nan na tafka kuskuren da ya fi na farko: na cire ƙafa daga totur gaba ɗaya, na fizgo sitiyari hagu don in hau titi. Taya ta turje a bakin kwaltar, ta turje, sai ta haye farat ɗaya da sitiyari a murɗe. Motar ta harba tsakiyar titi, bayanta ya yi wutsiya. Na mayar dama, ta sake bi, fiye da yadda na nema. Sau uku tana lilo da mu. Bas ɗin ta wuce da oda mai tsawo, har yau ina jin ƙararta. Daga ƙarshe muka tsaya a ƙasa, cikin ƙura, gaban motar yana kallon wata gona da aka girbe.

Babu wanda ya ji ko ƙwarzane. 'Yarmu tana kuka, uwarta tana ta salati. Mai Hilux kuwa ko birki bai taka ba, ya samu gurbin da na bari ya shige, da bas ta wuce ya sha gaban tirela ya ɓace.

Na fito ina zage-zage, ƙafafuna suna rawa. Baffa ya fito a hankali, ya zagaya motar, ya tsuguna ya duba tayoyi, ya shafa gefen ta gaba inda kwalta ta ci. Sai da na gaji don kaina na yi shiru, sannan ya ce, "Ka gama? To shi wancan mahaukaci ne, mun ji. Kai kuma da ka tsaya tsere da shi da iyalinka a baya, me sunanka?"

Na ce, "Baffa, ai shi ya faɗo mini."

Ya ce, "Tun daga Bara yake faɗa maka abin da zai yi. Kai ne ba ka ji ba."

Shi ya karɓi tuƙin har Alkaleri, dattijo mai shekara 70 da wani abu. A hanya ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba a wurin wanda ya koya mini mota. In taya ta sauka daga kwalta, ba a gaggawar dawowa. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka bar ta ta ci gaba a miƙe rabi a ƙasa rabi a titi, ka sassauta totur sannu a hankali, kada ka daki birki. Sai gudu ya ragu sosai, ka duba madubi, sannan ka hau da ɗan murɗi kaɗan. Ya ce yawancin motocin da ya gani sun wuntsila a zamaninsa ba saukar ce ta kayar da su ba, dawowar ce. Ya ƙara da cewa mota mai jin magana ta fi hatsari a hannun wanda ya firgita, don duk shirmen da hannunsa ya yi sai ta aikata.

Kwana biyu ban iya barci sosai ba, sai na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun tuni. A gudun 110, mota tana cin kusan mita 30 duk daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta isa birki, daƙiƙa guda ta tafi, sau da yawa ma fiye. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa. Motata nauyinta wajen tan 1 ne, tasa kusan tan 2. In muka yi karo, girgizar da za ta same mu ninki biyu ce ta wadda za ta same shi, kuma bambarsa ba bambata za ta daka ba, saitin ƙofa da gilashi take, daidai inda kan 'yata yake. Duk iya kwanar da nake taƙama da ita ba ta rage ko kilo ɗaya daga wannan lissafi. Abin haushin ma, dokar hanya ta ce motar gida 80 ne iyakarta a irin wannan titi, 100 sai a babban titi mai hannu biyu. Da na auna tafiyar gaba ɗaya, tsakanin wanda matsakaicin gudunsa 90 ne da mai 75, bambancin minti 20 ne daga Gombe zuwa Bauchi. A kan minti 20 na kusa kai mutum huɗu kushewa.

Da na kai motar wurin mai faci a canza tayar da kwalta ta ci, ya nuna mini wasu lambobi huɗu a jikin tayoyin baya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera. Nawa sun haura shekara takwas. 'Yan Beljiyam ne, zanen ƙasansu da saura, shi ya ruɗe ni, amma robar ta bushe ta yi tsatsattsage. Ashe har da su a wutsiyar da motar ta yi. Ni da nake zuba sababbi a gaba in tura tsofaffi baya, ina ganin dabara ce! Na sayi sababbi biyu aka sa a baya, bakanike ya canza shokozoba, aljihu ya ji jiki wannan watan.

Yanzu idan na hango irinsu a madubi, tun suna nesa nake fara neman wuri. In gaba babu mota, sai in kunna sigina ta dama, in ɗan rage gudu a miƙaƙƙen wuri, ya wuce da iskarsa. In akwai mai tahowa, in kunna ta hagu ya san ba yanzu ba, sannan in ƙara tazara tsakanina da motar gabana, don in ya yi gangancin fitowa ya samu gurbin da zai faɗa ba kaina ba. Ba na taka masa birki don in ba shi tsoro, ba na ɗaga masa hannu, ba na kallon fuskarsa in ya zo wucewa. Da dare kuwa, tunda fitilunsu saitin madubina suke, sai in danna ɗan maɓallin ƙasan madubin ya dusashe hasken. Faɗan da ya fi ƙarfinka, in ji Hausawa, sai ka mai da shi wasa. Ba zan yi ƙarya ba, har yanzu abin yana sosa mini rai, musamman in na ga babu jiniya babu komai, gadara ce kawai.

Wata rana a unguwar Jekadafari cikin Gombe wani ɗan acaɓa ya ƙi matsa mini. Na matse shi, na danna oda, na sake dannawa, har ya sauka gefe yana waiwaye. Uwargida ta ce, "Malam, ashe kai ma Hilux ne, girman ne kawai Allah bai ba ka ba." Na buɗe baki zan kare kaina, na rasa ta cewa.

Zafin naman motar bai tashi a banza ba, ya yi mini rana sau ɗaya tun bayan nan. Da damina, kusa da Dindima, wani ɗan maraƙi ya ɓallo daga garke ya faɗo titi. Ina kan 70, babu kowa a bayana kusa, babu mai tahowa. Na taka birki a miƙe, na sassauta, na kauce, na dawo, ko ƙara taya ba ta yi ba. Yaron da ke kiwon ya ɗaga mini sanda.

Watan jiya na sake ɗauko Baffa zuwa Bauchi. Muna fita Alkaleri sai ga wata baƙar Hilux ta taso, fitilu a kunne da rana tsaka. Na sa sigina na matsa, ta wuce har motarmu ta girgiza. Na saci kallon Baffa ko zai ce wani abu. Carbinsa yake ja, idonsa a kan hanya. Can da muka hango gadar Dindima ya ce in tsaya, yana so ya saya wa Inna kifi.