Ranar da akuyar Musa ta koya mini darasi

Shekara uku na yi ina koyar da Turancin baka ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare, kuma akwai sashe ɗaya na jarrabawar WAEC da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Za a ba ɗalibi jimla, a rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, kamar "MUSA bought the goat", a ce ya zaɓi tambayar da jimlar take amsawa. Na yi ta ɗaga murya a kan Musa har maƙogwarona ya bushe. Yara su maimaita daidai, amma in aka zo zaɓi sai canki-canka.

Laifina ne. Sauti nake koya musu, alhali maganar ta ma'ana ce.

Wata Laraba na ajiye littafin, na rubuta "Yara sun ci tuwo" a allo. Na ce, su wa suka ci? Aji ya ɗauka baki ɗaya: "Yara ne suka ci." Na ce, to me suka ci? "Tuwo suka ci." Nan na tsaya. Ba wanda ya ɗaga murya, amma kowa ya ɗauko sabon labarin ya kawo shi gaba, ya jingina masa dirka, wato "ne" ko "ce", in ya ga dama, "sun" kuma ta koma "suka" ba tare da an ce a canza ba. Abin da mai tambaya ya riga ya sani kuwa, an ture shi baya ko an yar da shi.

Aikin da nauyin murya yake yi wa Bature ke nan. Masanin harshe Michael Halliday ya bayyana shi tun 1967: sanannen bayani a sassauta shi, sabo a danna shi. Mu kuwa hawa da saukar muryarmu suna da aikinsu tuni, su ne suke raba wuyan da ake rataya sarƙa da wuyar da ake sha. A ganina shi ya sa muka fi dogaro da tsarin jimla.

Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu. "Malam, ai ana iya cewa 'sun ci tuwo' kawai, kuma amsa ce." Gaskiyarta. Daga baya na karanta cewa masana harshe Katharina Hartmann da Malte Zimmermann sun nuna haka a 2007: a Hausa sabon bayani yana iya zama a gurbinsa ba tare da wata alama a murya ba, tambayar da ta gabata ce take nuna shi.

Tun daga ranar, kafin su taɓa zaɓi, sai na sa su juya jimlar zuwa Hausa. Wanda ya rubuta "Musa ne ya sayi akuyar" ba ya ɓata lokaci, yana ganin tambayar da ta ambaci wani mutum daban ya san ita ce.